Yadda ake haɗa manjaniƙi da katako da gwangwanin fenti

Duk wanda ya taso a ƙauye, ko aka taɓa kai shi hutu lokacin da gero ya fara nuna, ya san majajjawa, igiya biyu da 'yar fata a tsakiya, ka sa hoge ka wulwula ka wulwula ka saki baki ɗaya, sai ka ga tsuntsaye sun watse. Haka duk wanda ya taɓa leƙa lambu a fadama ya ga jigo, doguwar sanda a kan gwafa, guga a wannan bakin, curin laka ko dutse a wancan bakin. To ka ɗauki majajjawa ka ɗaura a bakin jigo inda guga yake, ka ƙara wa curin lakar nan nauyi sosai, ka gama haɗa manjaniƙi. Wallahi iyakarta ke nan. Abin da aka yi ɗaruruwan shekaru ana rusa ganuwar birane da shi, Turawa suna ce masa tirebushe, mu kuma mun fi jin sunansa a bakin malamai in ana karatun sira ko tafsiri.

Ni abin da ya kai ni, 'ya'yan yayata ne su uku suka zo min dogon hutu, waya ta cinye su gaba ɗaya, babban kuma yana ta mita wai shi fiziks ba ta shiga kansa. Na ce to ku tashi mu je wajen kafinta. Kwana biyu muka yi muna haɗawa, amma sai da muka kwashe kusan sati muna gyara ƙusa ɗaya tak, kuma a kan ƙusar nan zan fi daɗewa a rubutun nan, don duk wanda ya iya riƙe guduma zai iya tayar da katakon, inda ake bambanta shi ne wajen saiti.

Amma bari mu fara raba abubuwa, don mutane na cakuɗa su. Duk injin jifa aikinsa ɗaya ne, ka tara ƙarfi a hankali ka ajiye, sannan ka sake shi lokaci guda. Inda ake ajiye ƙarfin ne ya bambanta. Danƙon harbin tsuntsu a cikin roba yake ajiye nasa, baka kuma a cikin itacen da ya lanƙwasa. Girkawa da Rumawa su a cikin murɗaɗɗiyar igiya suke ajiyewa, ta jijiyar dabba ko ta gashi, su murɗe ta tamau su cusa sanda a tsakiya, Rumawa ma suna da wani da suke kira jakin jeji saboda yadda yake harbin iska da baya in an sake shi. Shi kuwa manjaniƙin da za mu haɗa ba roba ba murɗi, nauyi kawai za ka ɗaga sama ka bar ƙasa ta jawo abinta. Shi ya sa ya fi daɗin koyarwa, roba tana gajiya, zafi na canza ta, yau ta yi haka gobe ta yi haka, amma kilo 6 na yashi kullum kilo 6 ne.

In yaran ƙanana ne sosai fara musu da na teburi, minti goma ya isa. Sandunan askirim guda bakwai, robar ɗaure kuɗi, da marfin kwalba. Ka jera biyar ka ɗaure su baki da baki, sauran biyun ka ɗaure su a baki ɗaya kawai, ka buɗe su kamar bakin kada ka tura ƙunshin biyar ɗin a tsakani, ka manna marfin kwalba a bakin ta sama. A sa curin takarda a danna a saki. Ka bar su su gano da kansu cewa in aka tura ƙunshin ciki sosai jifan ya canza. Wannan na ɗumama jiki ne kawai.

Yanzu babban. Girman da zan ba ka shi ne wanda muka yi, yana shiga bayan a-daidaita-sahu, kuma ƙwallon tanis yake jefawa. Ka je wajen kafinta ka ce ya yanko maka tu-bai-tu busasshe, kar ka yarda da ɗanye don zai murɗe bayan kwana biyu. Guda biyu masu santimita 120 na shimfiɗar ƙasa, guda biyu masu 70 na tsaye, guda huɗu masu kamar 60 na tokara, sai gajeru uku masu 25 da za su haɗa gefen dama da na hagu. Hannun jifa kuma katako ne miƙaƙƙe marar gaɓa mai santimita 110, wannan ka zaɓe shi da kanka, ka ɗaga ka hango shi da ido ɗaya. Sai sandar ƙarfe mai santsi mai kaurin milimita 10 ko 12 tsawon santimita 45, in ba ka samu ba doguwar ƙusar noti ta yi, rodin gini ma zai yi amma ƙurajen jikinsa na cin katako sai dai a goge maka shi a wajen mai walda. Sai guntun fayif na roba, washa huɗu, gwangwanin fenti na lita 4 mai mariƙi, yashi, igiyar nailan siririya kamar mita 6, zoben makulli biyu, ƙusoshi masu ido guda uku, ƙusa inci uku, tsohon wandon jins, da falle ɗaya na filawud mai faɗin santimita 20 tsawon mita ɗaya.

Kafintan da ya yi mana yanka sai da ya tsaya ya kalle ni ya ce Malam wai wannan kejin kaji ne ko me, na ce masa jigo ne, ya ce jigo a cikin gari, na ce e. Bai ƙara tambaya ba amma ranar gwaji sai ga shi ya rufe shago ya biyo mu.

Ka shimfiɗa dogayen biyu a ƙasa, ka haɗa su da gajerun ukun nan, ɗaya a gaba ɗaya a baya ɗaya a tsakiya, ya zama akwai fili santimita 25 a tsakani don gwangwani ya wuce bai gogi komai ba. Ka kwantar da filawud ɗin a kan gajerun ka buga, shi ne indararon da ƙwallo zai zame a kai, in ka ga dama ka sa masa 'yar gyaffa hagu da dama, ka goge shi da samfefa har ya yi sulɓi. Na tsayen ka kafa su a tsakiyar dogayen, kowanne ka tokare shi gaba da baya ya yi siffar dala. Kar ka yi rowar tokara. Lokacin da gwangwani ya faɗo fizgar da yake yi wa firam ɗin ta ninka nauyinsa, namu na farko da na ce tokara biyu sun isa a jifa na huɗu ya fara rawa kamar tsohon benci. In kana da sukurori ka yi amfani da su, sun fi ƙusa riƙo a irin wannan girgiza.

Ramin da sandar ƙarfe za ta shiga ka huda shi santimita 57 daga saman indararo, kuma dabarar ita ce ka haɗa katakon tsayen biyu ka huda su tare tun kafin ka kafa, in ba haka ba ɗaya zai fi ɗaya tsawo hannun ya riƙa jifa a karkace. Me ya sa 57? Saboda dogon ɓangaren hannu 80 ne, kuma muna so in an danne bakinsa ƙasa ya kwanta a digiri 45, to 80 a wannan kwanciyar tsayinsa yana kamawa 57 ɗin.

Hannun kuma ga yadda za ka raba shi. Daga bakin da zai ɗauki majajjawa ka auna 80 ka huda ramin sandar ƙarfe, daga wannan ramin ka ƙara auna 20 ka huda na rataya gwangwani, ragowar ka bar shi don kar katako ya tsage. Wato huɗu da ɗaya ke nan. Dalili, duk taku ɗaya da gajeren ɓangare ya yi dogon ya yi huɗu a lokaci guda, don haka gudun bakin dogon ya ninka na gajeren sau huɗu, irin dai abin da kake yi da ƙarfen ɓanɓare taya amma a juye, can kana ba da tafiya mai yawa ka sami ƙarfi, nan kana ba da ƙarfi ka sami gudu. Wani zai ce to me zai hana in yi goma da ɗaya in more? Sai gwangwanin ya kasa juya shi da sauri, kuma tazarar da zai faɗo ta ragu. Masu yin abin nan yawanci tsakanin uku da rabi zuwa biyar suke tsayawa. Ka sa a fere maka dogon ɓangaren ya riƙa sirancewa zuwa baki, don duk giram ɗin da ke can ƙarshen sanda ƙarfin da ya kamata ya tafi cikin ƙwallo yake sha. Ka zura sandar ƙarfe, ka sa guntun fayif da washa hagu da dama su riƙe hannun a tsakiya, ka ɗan shafa giris ko ma sabulu.

Gwangwanin ka cika shi da yashi busasshe, lita 4 zai ba ka wajen kilo 6, ka rufe marfin da kyau ka naɗe da salatif don in ya buɗe a sama kowa zai yi wanka. Ka rataya shi da mariƙinsa a jikin ƙusar noti ko waya mai kauri, ya zama yana lilo yadda ya so. Wannan lilon ba ado ba ne. In ka ɗaure nauyin ƙam a jikin hannu dole ya bi da'ira, wani kaso na ƙarfinsa ya tafi wajen jijjiga firam gaba da baya, amma in yana rataye kusan a miƙe yake faɗowa, sai ƙarin ƙarfin ya shiga hannu. Mariƙin wasu gwangwanayen ba shi da ƙwari, ka ƙara masa igiya ta zagaye ta ƙasa. Ka juya hannun da hannunka a hankali ka tabbata gindin gwangwani bai taɓa indararo ba, namu ya bar kamar yatsu huɗu.

Ƙwallon tanis giram 58 ne ko kusa da haka, mu ce 60, ka ga ke nan nauyin ya ninka abin jifa sau 100, kuma wannan shi ne ma'aunin da za ka riƙe. In ka ce lemo za ka jefa mai giram 150 da wannan gwangwanin, zai tafi amma tafiyar gajiyayye.

Sai majajjawa. Ka yanko jins santimita 18 da 10, ka rage kusurwoyin ya yi kamar ganyen mangwaro mai faɗi, ka ɗan tattare bakin biyu ka ɗinke don ya yi lumbu ya rungumi ƙwallo, amma kar ya yi zurfin aljihu ƙwallo ya maƙale. Igiya ɗaya a kowane baki. Ta farko ka ɗaure ta dindindin a ƙarƙashin bakin hannu. Ta biyun ka ɗaura mata zoben makulli. A can tsinin hannun ka buga ƙusa inci uku a miƙe da tsawon katakon, ka bar santimita 3 a waje, ka yanke kan ƙusar ka goge wajen ya yi sumul, a nan zoben zai riƙa shiga yana zamewa. Tsawon majajjawa daga bakin hannu zuwa inda ƙwallo ke zaune ka fara da 75, igiyoyin biyu su zo daidai.

Kunama kuma, wato abin da ke riƙe hannun a danne har sai an ja an sake shi, mai sauƙi ce, ƙusoshi masu ido guda biyu a jikin katakon baya, ɗaya a jikin hannu da za ta shiga tsakaninsu, ka zura doguwar ƙusa ta ratsa duka ukun, ka ɗaura mata igiya mita uku. Daga gefe ake ja. Kar ka ce za ka danne da hannu ka saki, hannun nan in ya taso haɓarka zai fara samu.

Wajen ɗanawa, ka danno dogon ɓangaren ƙasa, gwangwani ya hau sama, ka sa kunama, ka miƙar da majajjawa a kan indararo ta bi ta ƙarƙashin injin, ƙwallo a cikin jaka, zobe a kan ƙusa, igiyoyin ba su harɗe ba. Wajen da gwangwani yake nan ne gaba, can ƙwallo zai nufa. Na faɗi wannan ne don mutane da yawa suna juya shi.

Kafin ka ja, ka zaunar da yaran ku yi lissafi, a nan daɗin yake. Gwangwani daga sama zuwa ƙasa yana faɗowa kamar santimita 34, wato 14 da yake sama da sandar ƙarfe da 20 da zai sauka ƙasa da ita. Ƙarfin da ka ajiye shi ne nauyi sau jan ƙasa sau tsayi, 6 sau 9.8 sau 0.34, ya ba ka jul 20, jul ɗin shi ne ma'aunin irin wannan ƙarfin. Da a ce duka jul 20 ɗin nan za su shige cikin ƙwallo mai giram 60, zai fita da gudun kusan mita 26 a sakan, ya sauka a mita 68. Akwai ma gajeriyar hanya, ka ɗauki sau nawa nauyi ya ninka ƙwallo, ka ninka da tazarar faɗowa, ka ninka da biyu, 100 sau 0.34 sau 2, 68 ɗin dai. Wannan shi ne rufin ɗaki, ba mai wuce shi kuma ba mai kai shi, don hannun kansa ya ci nasa, gogayya ta ci, iska ta ci, gwangwanin ma bayan ƙwallo ya tafi za ka ga yana ta lilo, wannan lilon ƙarfi ne da ya yi saura bai tafi ba. Mu mafi kyawun jifanmu mita 31 ne, ƙasa da rabi kaɗan. Babban yaron da kansa ya juya lissafin, ya ninka 31 da 9.8 ya nemo tushensa, wato lambar da in ka ninka ta da kanta za ta ba ka wannan adadin, ya ce Kawu ashe wajen mita 17 a sakan ya fita, sama da kilomita 60 a awa, ya fi mashin ɗinka gudu. Mutumin da fiziks ba ta shiga kansa fa.

To amma kafin 31 ɗin nan an sha kallo. Jifanmu na farko baya ya yi. Ƙwallo ya tashi sama ya lanƙwasa ya dira kan kwanon maƙwabta, ƙarar kamar an jefa bulo, sai ga dattijuwar gidan ta leƙo tana salati, na je na rusuna na ce Baba a yi haƙuri wasan yara ne, ta ce yaran ko babban. Daga ranar muka koma filin ƙwallo na bayan unguwa.

Abin da ya faru shi ne zoben ya zame da wuri. Ka gane, hannu yana juyawa, majajjawa kuma tana juyawa a kan bakin hannun, tun tana biye a baya har ta zo ta cim masa ta yi bulala, a daidai lokacin da ta kusa miƙewa da hannu ne ƙwallo ya fi gudu, a nan ake so zobe ya zame jaka ta buɗe. In ya zame kafin nan ƙwallo sama zai yi ko baya. In ya makara sai ya doki ƙasa a gabanka kamar an yi fushi da shi. Tsakanin wannan da wancan ƙiftawar ido ce, kuma karkatar ƙusar nan ce ke yanke hukunci.

Ga yadda ake gyarawa. In ƙwallo na tashi sama da yawa ko yana komawa baya, ka sa filaya ka lanƙwasa ƙusar gaba kaɗan, wato ta wajen da hannun ke nufa in ya taso, sai ta riƙe zoben ya ƙara daɗewa. In yana dukan ƙasa kusa, ka mayar da ita baya ta ƙara miƙewa. Kaɗan fa nake nufi, irin lanƙwasar da ido da ƙyar zai gani, don digiri biyar a ƙusa na iya zama mita goma a fili. Igiya ma tana da baki a maganar, gajeriyar majajjawa tana saurin zagayowa sai ta saki da wuri jifa ya yi sama, doguwa tana makara jifa ya kwanta. Abin jifa mai nauyi yana fizge zobe da wuri, marar nauyi yana makara, shi ya sa in ka saita da tanis ka koma lemo sai ka ga kamar injin ya haukace, lafiyarsa ƙalau, saitin ne ba nasa ba. Ko tsatsa a jikin ƙusa tana canza abu.

Kuskuren da na yi kwana biyu ina yi shi ne taɓa abu uku lokaci guda, in lanƙwasa ƙusa in rage igiya in ƙara yashi, jifa ya gyaru ko ya lalace ban san wanne ya jawo ba. Abu ɗaya za ka canza, ka yi jifa uku, ka rubuta, sannan ka taɓa na gaba. Ƙaramar cikinsu muka ba littafi da biro ta zama akawu, na tsakiyan yana auna nisa da igiyar da muka ƙulla mata ƙulli a kowace mita, babban yana ɗaukar bidiyo daga gefe. Bidiyon nan ya taimaka ƙwarai, in wayarka tana da mai tafiyar hawainiya ka kunna, za ka ga daidai inda jaka ta buɗe. Abin da kake nema shi ne ƙwallo ya fita lokacin da hannu ya kusa tsayawa cak a tsaye, kuma a injin da ya saitu za ka ga hannun kamar ya ɗan dakata a wajen, alamar ya miƙa wa majajjawa abin da ke jikinsa ke nan. Har a kunne ana ji, jifa mai kyau shuuu kawai za ka ji, marar kyau kuwa sai ƙarar katako da tsallen firam.

Kusurwar da ta fi kai wa nesa a takarda digiri 45 ce, kuma ba sai an yi dogon bayani ba, ka ba yaro tiyo yana ban ruwa ka ce ya kai ruwan can nesa, da kansa zai nemo ta, in ya ɗaga da yawa ruwan ya dawo kusa in ya kwantar ya faɗi kusa. A fili saboda iska gara ka ɗan yi ƙasa da 45, musamman da tanis mai gashi a jiki. Kuma nisa ba ya tafiya kafaɗa da kafaɗa da gudu, in gudu ya ninka biyu nisa huɗu yake ninkawa, shi ya sa ɗan giris a sandar ƙarfe ko fere bakin hannu ke ba da bambancin da ba ka zata ba. Gwaji da safe ko bayan la'asar in iska ta kwanta ya fi, lokacin hunturu kuwa lissafinka duk zai rikice.

In saitin ya ba ka wahala kar ka ji kunya, manya ma ya kunyata su. A 1521 da Sifaniyawa suka kewaye birnin Tenochtitlan a Meziko albarushinsu ya yi ƙasa, wani soja ya ce shi ya iya haɗa manjaniƙi, aka gina, dutsen farko ya tashi sama tsaye ya dawo ya faɗo wajen injin. Sakin wuri ke nan, irin namu, sai dai su ba tanis ba ne. Asalin abin kuwa daga Sin ya taso ƙarnuka kafin haihuwar Annabi Isa, kuma na farkon ba nauyi ake sa masa ba, mutane ne ke jan igiyoyi a gajeren ɓangaren lokaci guda. Irin wannan na ja shi ne na zamanin da littattafan sira ke ambaton manjaniƙi a kewayen Ɗa'ifa shekara ta 8 bayan hijira, da wanda Hajjaju bin Yusuf ya kafa wa Makka a shekara ta 73 lokacin Abdullahi bin Zubair. Mai nauyi irin namu daga baya ya zo, akwai bayaninsa a rubutun da Mardi al-Tarsusi ya yi wa Salahuddin al-Ayyubi wajen 1187. Abin mamaki sai ya koma Sin ta hannun Musulmi, Mongol sun yi shekaru suna kewaye da birnin Xiangyang sun kasa, sai da aka kawo musu injiniyoyi biyu, Isma'il da Ala'uddin, suka gina masu nauyi, birnin ya miƙa wuya a 1273, mutanen Sin har suna kiran injin da sunan manjaniƙin Musulmi. Na Sarki Edward na ɗaya na Ingila kuwa ya fi ba ni dariya, a 1304 ya sa an gina wani ƙato a gaban ganuwar Stirling a Sukotlan, mutanen ciki da suka ga abin suka ce sun sallama, ya ce a'a ku koma ciki sai na gwada. Duk wanda ya kwana biyu yana haɗa nasa zai fahimci mutumin nan.

Maganar tsaro ba wasa a ciki ko da yake abin wasa ne. Ba a tsayawa gaba, ba a tsayawa baya, gefe kawai, kuma bayan ma ya fi gaban haɗari tunda ba wanda ke tsammaninsa. Ba dutse, ba ƙarfe, ba kwalba, tanis ko ƙwallon tsumma ko ledar ruwa sun isa. Kar a saki injin ba komai a jaka, ƙarfin da ba shi da wajen zuwa a kan katakon zai huce. Mutum ɗaya ne ke ɗanawa kuma shi kaɗai ke ba da izinin ja, kar yaro ya sa kai ko hannu a hanyar hannun in gwangwani na sama. Fili ya zama akwai aƙalla mita 50 a gaba da 20 a baya ba mutum ba dabba ba gilashin mota. Kuma yadda gari yake yanzu, in za ka fito da wani abu mai kama da makami fili, ka fara gaya wa mai unguwa ko dattawan wajen, mu da muka yi haka har kujera aka kawo.

Da ya saitu sai mu daina neman nisa muka koma neman saiti, muka ajiye bokiti a mita 25, kowa jifa biyar, wanda ya fi kusa ya ci. A nan za ka ga amfanin nauyi a kan roba, in ba ka taɓa komai ba ƙwallo kusan wuri ɗaya yake sauka, tazarar taku biyu ko uku. Bayan nan ka ba su tambayoyi su gwada da kansu, a rage yashi rabi a ga ko nisan ma rabi zai ragu, a cire majajjawa a ɗaura gwangwanin madara a bakin hannu a ga yadda jifan zai mutu, a ɗaure gwangwanin fentin ƙam ya daina lilo sannan a sa wa firam ɗin tayoyi huɗu a ga abin da zai dawo. Na tayoyin nan shi muka bari sai hutu mai zuwa, na riga na sa mai gyaran keke ya ajiye min na tsohon keken yara. In kun tashi daga fili ka sauke gwangwanin ka cire majajjawa ka tafi da ita gida, ka zana layi da biro a jikin katako daidai karkatar ƙusar, don in wani ya taka ta a hanya kar ka sake kwashe sati kana nemanta.